Ranar da Na Zuba wa Tafkin Kainji Gishiri

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ko da kuwa zan manta da ranar da aka ba ni takardar kama aiki. Ranar ce na tsaya gaban masunta sama da arba'in a bakin tafki, cikin babbar rigar da na ajiye don Sallah, na shaida musu da bakina cewa ruwan da suke sha tun suna goye gishiri ne da shi. Ba wanda ya tilasta ni. Ni na jawo wa kaina, kuma sai da na yi shekara goma sha ɗaya ina shirya wa wannan rana ban sani ba.

Ni malamin Turanci ne a wata sakandare da ke wani garin masunta can wajen Wara. Ba ɗan ruwa ba ne ni, daga tudu aka turo ni, har gobe in na shiga kwalekwale hannuna biyu na kan katako, bakina na kan addu'a. Amma a cikin aji, to nan fa ba a ja da ni. Ina da wani littafi mai baƙin bango da na fara cikawa tun ina kwaleji. Babu komai a cikinsa sai kalmomin Turanci masu tafiya tare, waɗanda in ka ga ɗaya ka san ɗayar na biye. Daga jaridu na kwaso su, da tsofaffin littattafan karatu, da jawaban manya a rediyo. Na kasa su shafi-shafi: na buɗe wasiƙa, na rufe wasiƙa, na siyasa, na noma, na ruwa, har da na ta'aziyya.

Abin da ya fara jan hankalina ga wannan harka shi ne, kowane harshe yana da wannan hali. Mu da Hausa muna cin kasuwa, muna shan iska, muna yanke shawara. In baƙo ya ce ya sha kasuwa, ko ya sare shawara, mun gane abin da yake nufi sarai, amma nan take mun san ba a nan aka yanke masa cibi ba. To wa ya ɗaura wa "ci" da "kasuwa" aure, kuma yaushe? Ban sani ba, kuma har yau ina so in sani. Turanci ma haka yake. Idan ɗalibi ya haɗa kalmomi yadda masu harshen ke haɗawa, sai ka ga hankalin mai duba takarda ya kwanta, hannunsa ya saki wajen ba da maki. Wannan gaskiya ce, kuma ban janye ta ba. Inda na ɓata shi ne abin da na yi da gaskiyar.

Ajina ɗaya yakan haura mutum ɗari. In ka ce sai ka karanta insha'in kowa daga farko har ƙarshe, kafin hutu sai an yi maka ja-gora. Sai na ƙirƙiro wata dabara. Ina ɗaukar takarda, in saki idona ya bi layi yana farautar haɗin da na sani. Duk inda na gan shi, sai in buga masa alamar daidai da jan biro, wadda yara ke kira ƙugiya saboda kamarta da ta kamun kifi. Haɗin da ban sani ba kuwa, in ja masa layi a ƙasa. Ina kaiwa ƙarshe in ƙirga ƙugiyoyi, in fitar da maki. Takarda ɗaya, minti biyu. (Na taɓa kiran wani sabon malami gefe na koya masa wannan dabara, har na ce ya riƙe ta sirri. Allah ya yafe min.) Yara kuwa ba su daɗe ba suka gano lagona. Suka shiga haddace littafin nan suna zubo min shi a takarda, ni kuma ina ta murna ina cewa Turanci ya zauna a garin. Har suna suka laƙaba min, Malam Bugu-da-Ƙari, kuma da na ji sai na ɗauka yabo ne.

Wata rana bayan la'asar Sarkin Ruwan garin ya aiko a kira ni. Shi ne shugaban ƙungiyar masunta da masu jirage, dattijo ne mai ƙarancin magana, in ya dube ka sai ka fara tuna laifuffukanka. Ya ce magatakardansu, wanda ke rubuta musu wasiƙu zuwa ofisoshi, idonsa ya yi yana, ya ajiye aiki.

"Mutum biyu ke son aikin ga, Malam," in ji shi. "Mu ko ba mu san Turanci ba balle mu auna. Kai za ka auna muna. Wanda duk ka zaɓa, shi munka zaɓa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan ƙaramin abu ne." A raina kuwa kaina ya kumbura har hula ta matse ni.

Na farkonsu Nafi'u ne, tsohon ɗalibina, wanda ya gama shekara uku da suka wuce. Yaro mai ladabi, kuma a duk waɗanda na koyar babu wanda ya sha littafin nan kamarsa. Mahaifinsa, Malam Ɗantani, jirage biyu gare shi, don haka Nafi'u sha'awa ce ta kawo shi. Na biyun Lawali ne, magidanci ɗan kimanin shekara talatin. Ya gama sakandare tun kafin a kawo ni garin, ya koma ruwa. Shekara biyu kafin wannan lokaci farfelar inji ta ji masa mummunan rauni a hannun hagu, ya zama ba ya iya jan taru, ba ya iya tuƙi. Ga mata, ga 'ya'ya uku, ga mahaifiya. Aikin magatakarda ba wani babban aiki ba ne, amma kowace ranar kasuwa kowane jirgi na fitar masa da kason kifi, kuma wannan ya isa ya riƙe gida. In bai samu ba, akwai aikin gadi da wani ɗan'uwansa ya nema masa a Kontagora, zai bar iyalinsa ya tafi. Kowa a garin ya san haka. Ni ma na sani.

Jarrabawar da na ba su abu ne da ƙungiyar ke bukata da gaske. A ƙarƙashin tafkin akwai kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun da daɗewa, kuma idan ruwa ya fara ja baya jirage kan yi karo da su. Na ce kowa ya rubuta wasiƙa zuwa ofishin da ke kula da zirga-zirgar jirage, a roƙi a zo a kafa alama a kansu. Ranar Asabar suka zauna a ajina. Nafi'u ya cika shafi biyu da rabi cikin rabin awa, ya miƙo yana murmushi. Lawali ya fi awa ɗaya a kan shafi guda, ya danne takardar da gwiwar hannunsa mai ciwon, yana rubutu yana tsayawa yana kallon waje.

A gindin darbejiyar ƙofar gidana na duba su, ina cin gyaɗa. Ta Nafi'u na fara ɗauka, jan biro ya yi ta rawa. Ƙugiya talatin da huɗu. Ban taɓa ganin irin wannan kamu ba, har na kira matata na nuna mata, ta ce, "Ai kuwa ta yi ja." Ta Lawali kuwa ƙugiya biyar na samu da ƙyar, sauran duk layi ne a ƙasa. Na lura da wani wuri da ya haɗa "fari" da "ambaliya", da wani wurin da ya haɗa "baƙi" da "ambaliya". Na yi tsaki na ce Hausa ce aka sa wa rigar Turanci. A ƙasan takardar na rubuta masa cewa ya ƙara karatu. Kafin gyaɗar da ke hannuna ta ƙare, na gama yanke hukunci.

Ranar Litinin Lawali ya tare ni a ƙofar makaranta. Bai tambaye ni komai ba, gaisuwa kawai ya yi ya tsaya. Ni kuma, don in nuna ni ba mai ɓoye-ɓoye ba ne, sai na zaro takardarsa na ba shi, na ce kada ya wahalar da kansa da jiran Laraba. Ya daɗe yana kallon jan da ke jikinta. Ya ninke ta huɗu da hannu ɗaya, ya sa a aljihu.

"Na gode, Malam. Allah shi saka."

Na ce wa kaina ai ilimi ba ya duba fuska, na wuce aji.

Laraba da hantsi aka taru a rumfar ƙungiya da ke bakin ruwa. Masu jirage a kan benci, sauran masunta a kan tabarmi da gefen kwalekwalen da aka kife, mata masu banda can baya kusa da hayaƙinsu suna saurare. Na zo da babbar riga da takalmin da na goge da kaina. Na yi jawabi na kusan minti goma a kan darajar Turanci, sannan na sanar cewa Nafi'u ne ya yi nasara, da rata mai yawa. Aka yi ta Masha Allah. Malam Ɗantani ya gyara zama. Ina shirin komawa kujerata sai Sarkin Ruwa ya ɗaga hannu.

"To madalla. Yanzu sai a juya muna ita."

"A juya me, ranka ya daɗe?"

"Takardar. Mu nan ba a fidda takarda da sunanmu sai an juya ta da Hausa kowa ya jiya. In an ƙare, masu jirgi su dangwala. Haka munka saba. Tunda kai ka duba ta, kai za ka juya."

Ban ji ko ɗar ba. Me zai ba ni tsoro a takarda mai ƙugiya talatin da huɗu? Na buɗe, na yi gyaran murya, na karanta jimlar farko da Turanci yadda ya kamata, sannan na juya.

"Sanin kowa ne cewa, tun fil azal, sana'ar kamun kifi abu ce mai matuƙar muhimmanci ga rayuwar ɗan Adam."

Aka gyaɗa kai. Na ci gaba.

"Babu ko shakka, a wannan zamani da muke ciki, ba sai an faɗa ba, al'amura sun kai inda suka kai. A ɗaya ɓangaren kuma, duk mai hankali zai yarda da haka. Bugu da ƙari..."

Wasu daga baya, waɗanda 'ya'yansu ke ajina, suka sunkuyar da kai kafaɗunsu na motsi. Na yi kamar ban gani ba. Haka na yi ta tafiya har na cinye rabin shafi, ina jin kaina kamar mai tuƙa kwalekwalen da ke ɗaure. Sarkin Ruwa ya tsayar da ni.

"Malam, har yanzu gaisuwa ce, ko an shiga magana?"

"Ana gab da shiga, ranka ya daɗe."

A nan ya kamata in gaya muku wani abu. A littafin nan nawa, shafin ruwa gaba ɗaya daga wani tsohon littafin karatu na ƙasar Turawa na kwafo shi. Ruwan da ke cikinsa teku ne. Nafi'u, bawan Allah, da aka ce ya yi rubutu a kan ruwa, sai ya buɗe wannan shafi a kansa ya juye shi kaf. Ni kuma na bi kowane haɗi na buga masa ƙugiya, don kuwa kowanne daidai yake, haka Turawa ke faɗa. Abin da ban yi ba shi ne in tsaya in ji abin da jimlar ke cewa. Don haka da ni da masuntan nan, a lokaci ɗaya muka fara jin wasiƙar. Bakina ya riga hankalina.

"Kullum da asuba jaruman masuntanmu sukan ɗaga ƙarfen da ke tsayar da jirgi, su shiga kokawa da manyan igiyoyin teku, iska mai gishiri na dukan fuskokinsu."

Ina jin kukan wani inji can tsakiyar tafki.

Malam Ɗantani ne ya fara magana, a hankali. "Nafi'u, da ruwan ga anka yi maka wankan jego da kai da uwarka. Yaushe ka ji gishiri cikinai?"

Wani masunci da ke zaune a bakin kwalekwale ya miƙa hannu ya kamfato ruwa, ya kurɓa, ya tauna baki kamar mai ɗanɗana miya. Ya dube ni da fuskar tausayi.

"Bai ji ba, Malam. A ƙaro."

Dariyar da ta tashi, wallahi har matan banda sai da suka bar kifinsu. Mutum mai wayo da ya tsaya nan, ko ya ƙirƙiro fassarar ƙarya ya rufa wa kansa asiri. Ni kuwa ruɗewa ta sa na ɗauka in na ci gaba zan fita daga tekun. Sai na faɗa tsakiyarsa. Na shaida musu cewa tsuntsayen teku na shawagi a kansu, kuma da yamma sukan dawo gida suna bin hasken wani dogon benen fitila da ke nuna wa jirage hanya. Sarkin Ruwa ya waiwaya hagu da dama yana neman benen. Wani ya nuna masa ƙarfen sabis na waya da ke bayan makaranta, ya ce wataƙila shi ake nufi.

Shi dai Sarkin Ruwa ko murmushi bai yi ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Ya jira aka natsu.

"Malam, kututture hwa? Ina inda anka yi maganar kututture?"

Na duba shafin farko. Na duba na biyu. Na juya bayan takardar, har da ɗaga ta sama kamar wani abu zai faɗo. Abin da na samu kawai shi ne, a layin ƙarshe, an roƙi hukuma ta ɗauki matakin gaggawa a kan matsaloli daban-daban. Na dubi Nafi'u, ina fatan ya cece ni. Yaron ya miƙe cikin ladabi, hannu a baya kamar a aji, ya faɗi gaskiyarsa.

"Malam, ai babu kututture a littafinka."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba raini ya yi min ba, kuma shi ya sa abin ya fi zafi. Abin da na koya masa shi ya yi, bai rage ba, bai ƙara ba.

Sarkin Ruwa ya ce, "To a kawo ɗayar takardar mu ji."

Nan na sha jinin jikina. Na ce na mayar wa mai ita tun shekaranjiya. Aka shiga kiran Lawali, babu shi. Sai wata tsohuwa daga cikin matan banda ta matso, tana goge hannu da zanenta. Mahaifiyarsa ce. Ba ni ta kalla ba, Sarkin Ruwa ta yi wa magana.

"Ya tahi tasha tun da sahe. Ya ce tunda Malam ya ce bai iya ba, ba shi tsayawa a yi mai kallo."

Ban san lokacin da na tattare babbar rigar nan na yi waje ba. Na tare wani ɗan kabu-kabu, na ce tasha, na kuma ce masa ya manta da cewa ina tsoron gudu. A hanya iska ta cika rigar, gefenta ya kusa shiga ƙafar babur, na cusa shi a tsakanin cinyoyina, hula kuma na cije ta da haƙori. Duk wanda ya gan ni ranar ya san ba lafiya ba. Abin da nake ta nanatawa a raina shi ne, Allah ya sa motar ba ta cika ba.

Saura mutum biyu ta cika. Lawali na zaune a kan benci a inuwa, jakarsa ta riga ta hau bayan mota. Da ya gan ni ya miƙe ya gaishe ni, kamar ban yi masa komai ba. Na ce ya ba ni takardar. Ya zaro ta daga cikin ledar da ya sa takardar shaidar gama makarantarsa. Na tsaya a nan tsakiyar tasha, tsakanin mai rake da mai faci, na karanta ta a karo na farko.

Ga abin da ta ce, in an juya: "Mu masunta ne da masu jirgi. Tsakanin mashigarmu da kasuwa akwai kututture tara da muka sani. Uku suna jere daura da tsohuwar kuka, biyu suna bakin tsibiri ta gabas, sauran suna kan hanya sosai. Lokacin farin ruwa suna can ƙasa, jirgi na wucewa lafiya. In baƙin ruwa ya wuce, tafki ya fara ja, sai su taso daf da sama amma ido ba ya ganinsu. Nan ne haɗarin. Muna roƙon a kafa musu alama kafin lokacin. In kun turo ma'aikata mu za mu kai su, mun san wurin kowanne. Na huɗun ni na fi kowa saninsa, a kansa jirginmu ya daku na faɗa kan inji."

Akwai kurakurai, ba zan ɓoye ba. Wani wuri ya sa jiya a mazaunin gobe, wani wuri harafi ya faɗi. Amma duk ma'aikacin da ya karanta ta zai san me ake so, da ina, da yaushe. (Farin ruwa da baƙin ruwan da na yi wa tsaki kuwa, cikowar kogi ce guda biyu, ta damina mai laka da ta bayanta mai garau. Daga baya malamin labarin ƙasa na makarantarmu ya buɗe min littafi ya nuna min, da Turancin ma haka ake kiransu. Shekara goma sha ɗaya ina zaune a bakinsu ban sani ba.)

Ina cikin karatu Lawali ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam, kwana biyu ina duba jan layin ga. Na ce ko ƙirgar kututturan na ɓata. Jiya na roƙi wani ya kai ni cikin jirgi na sake bin su ɗaya-ɗaya. Tara ne, Malam. Ban yi ƙarya ba."

Kunyar da na ji a rumfa wasa ce a kan wannan. Can dariya aka yi min, kuma na cancanta. Nan kuwa mutum ne ya koma kan kututturen da ya cinye masa hannu, saboda layin da na ja ina tauna gyaɗa. Sai na faɗa masa gaskiya.

"Lawali, ban karanta ba."

Ya dube ni. "Ba ka karanta ba, Malam?"

"Ban karanta ba. Kalmomi na ƙirga."

Ɗan kamasho na ta kiran Kontagora saura mutum ɗaya. Na tsaya ina jiran ya zage ni, kuma da ya yi da na ji sauƙi.

"To yanzu ka karanta?"

"Na karanta."

"Ta yi?"

"Ta yi. Ka sauko da jakarka, Sarkin Ruwa na jira."

Babur ɗaya muka hau, shi a tsakiya, ni a ƙarshe rungume da jakarsa. Muka tarar ba wanda ya tashi, don wa zai bar irin wannan kallo? Na sake tsayawa a inda na tsaya ɗazu na juya wasiƙar Lawali. Ba ta kai minti uku ba. Babu wanda ya yi dariya. Ina rufe baki gardama ta kaure a kan ko tara ne ko goma, wani na rantsuwa akwai ɗaya bayan tsibiri da Lawali ya manta. Sarkin Ruwa ya bar su suka yi ta yi, sannan ya ce a ƙara na goman, a gyara, a kawo a dangwala. Ya dubi Lawali ya ce ya karɓi akwatin takardu wurin tsohon magatakarda. Malam Ɗantani ne ya fara cewa ya yarda. Ni kuwa Sarkin Ruwa bai ce min komai ba sai, "Sannu da aiki, Malam," kuma har yau ban gama tantance abin da yake nufi ba.

Abin bai bar ni na huta ba. Na so in san ko ni kaɗai ne mai wannan ciwo. Sai na kwafe wasiƙun biyu da hannuna, babu suna babu ja, na kai wa wasu abokan aiki a Yelwa da Shanga, na ce su ba da maki. Kusan dukkansu ta Nafi'u suka ɗora a sama, wani har ya ce wannan yaron zai yi nisa. Da na ce ya faɗa min da Hausa abin da yaron ke roƙo, sai ya sake ɗaukar takardar, ya gyara tabarau, ya shiga lalube. Ba su da littafi mai baƙin bango, ba su ƙirga ƙugiya, amma kunnensu na jin haɗin da ya saba da shi sai ya sallama. Har yanzu ina mamakin yadda kalmomi biyu da suka dace da juna ke iya sa malami barci ido buɗe. Nafi'u ma na neme shi na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, amma ya tambaye ni yaushe zan fara koyar da yadda mutum zai faɗi abin da ke ransa, na ce masa ni ma yanzu zan shiga ajin.

Yanzu duba insha'i yakan ɗauke ni mako guda maimakon yini ɗaya, matata har ta gaji da ƙorafi. Ina nan ina koya wa yara kalmomi masu tafiya tare, don suna da amfani, amma ba na ɗaukar jan biro sai na iya faɗa wa kaina da Hausa abin da takarda ta ce.

Lawali kuwa yana nan a aikinsa, kuma duk wasiƙar da ya rubuta yakan kawo min in gyara masa Turancin. Sai dai yana da wata ɗabi'a. In na gama na miƙa masa, ba ya karɓa. Yakan tsaya cikin ladabi, ya ce, "To Malam, mi na ce a ciki?" Sai na faɗa masa da Hausa daga farko har ƙarshe, ya gamsu, sannan ya ninke ya tafi. Ban taɓa ce masa ya daina ba. Mutumin da ya kusa raba magidanci da iyalinsa cikin minti biyu, ai ba shi da bakin cewa a yarda da shi haka kawai.